Gungumen da ke ciyar da gida shekaru: Abin da ya kamata ma'aikaci ya sani kafin ya shiga noman laimar kwaɗi

A tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan akwai wani yanki mai tsaunuka da ake kira Kunisaki, a cikin jihar Oita. Duk shekara, idan kaka ta yi nisa ganyaye suka fara sauya launi, manoman yankin sukan shiga daji su sare wani itace mai tauri da suke kira kunugi. Sukan bar shi kwance da ganyensa wata ɗaya ko biyu har ruwan jikinsa ya ragu, sannan su yanyanka shi gungume-gungume, kowanne tsawon kimanin mita ɗaya. Daga nan sai su huhhuda gumaguman, su cusa iri a ramukan, su jera su a inuwa, su lulluɓe da rassa. Ba a yin girbi na sosai sai lokacin zafi ya zagayo sau biyu.

Abin da suke nomawa shi ne shitake, wani nau'in laimar kwaɗi da ake ci, mai launin ƙasa-ƙasa da ƙanshi mai ƙarfi. Jihar Oita ce kan gaba a Japan wajen samar da busasshen shitake, kuma a shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya tsarin noman Kunisaki da maƙwabciyarta Usa cikin jerin muhimman tsare-tsaren noma na gado a duniya.

Wannan labari na nesa yana da alaƙa da ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Kubwa, Lugbe ko Nyanya. Sakin layi na 2 na kashin farko na Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta ƙashin kansa, amma ya bar masa ƙofa ɗaya a buɗe, wato noma. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da cefane sun cinye albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai rufe giɓin ba. Mai gidan haya ba shi da gona, ba shi kuma da lokacin zuwa gona. Don haka noman da ba ya buƙatar fili, taki ko garma, sai inuwar bayan ɗaki da 'yan gumagumai, dole ya ja hankalinsa. Sai dai wannan fasaha ta taso ne a dazuzzuka masu sanyi, kuma wanda ya kwaso ta ɗungurungum ya dire a zafin Abuja zai yi asarar kuɗinsa da shekararsa.

Mece ce ake nomawa?

Hausawa suna kiranta laimar kwaɗi, wasu kuma su ce naman kaza, musamman idan ana maganar wadda ake ci. Sunan farko shi kansa ya isa ya kori mai son ɗanɗanawa, kuma a gidajen Hausawa da yawa ba a ɗauke ta abinci ba. Amma Gbagyi, waɗanda su ne 'yan asalin yankin Abuja, da Tibi da Igala da Yarbawa da Igbo sun daɗe suna tsintar ta da damina suna miya da ita.

Laimar kwaɗi ba tsiro ba ce irin wanda aka sani. Ba ta da koren ganye, ba ta haɗa abincinta daga hasken rana. Danginta su ne funfuna da yis ɗin da ke kumbura burodi. Abin da ido ke gani, wato laimar da ƙafarta, ɗan itacenta ne kawai. Ainihin jikinta wasu fararen zaruruwa ne siri-siri da ke ratsa cikin itace, suna fitar da sinadaran da ke narkar da shi suna ci. Sai sun mamaye gungumen sun ƙoshi, kuma yanayi ya yi musu daidai, sannan laimar ke ɓullowa. Saboda haka aikin manomi shi ne ya shigar da zaren da yake so cikin itace kafin wata funfuna ta riga shi, sa'an nan ya hana itacen bushewa.

Daga sa'a zuwa sana'a

An fara wannan noma ne a ƙasar Sin. Mutanen gundumar Qingyuan da ke lardin Zhejiang suna danganta shi da wani mutum mai suna Wu Sangong da ya rayu a ƙarni na 12, wanda aka ce shi ya gano cewa idan aka sassara jikin itacen da aka kayar, laimar kwaɗi ta fi fitowa, kuma idan aka bubbuga gungumen da ya yi shiru sai ya farka. Har yau manoman yankin suna girmama sunansa, kuma a 2022 FAO ta sanya tsarin nomansu a jeri ɗaya da na Kunisaki.

Ɗaruruwan shekaru, a Sin da Japan, noman ya dogara ne ga sa'a. Manomi zai sassara gungume da gatari, ya jira iska ta kwaso ƙwayoyin iri masu kama da ƙura daga daji ta zuba a saran. Wata shekara a dace, wata shekara a tashi a tutar babu. Ana ba da labarin cewa a farkon shekarun 1930 wani ɗalibin aikin gona a Jami'ar Kyoto, Kisaku Mori, ya ga wani talakan manomi a Oita, wanda ya ci bashi ya sayi itace, yana roƙon gumagumansa su fitar da laima don kada iyalinsa su tagayyara. Mori ya shafe kimanin shekara goma yana gwaji. A 1942 ya yi nasarar rainon zaren shitake a jikin ƙananan guntayen katako da ake kafawa cikin gungume, ya kuma samu rajistar mallakar fasahar a 1943. Daga nan ne manomi ya daina jiran iska ya koma shuka irin da ya zaɓa. Hanyar da ake bi yau a Japan, Koriya, Amurka da Turai duk jikokin wannan dabara ce.

Yadda ake yi

Matakin farko shi ne samun ɗanyen itace mai lafiya, wanda aka sare kwanan nan, kuma ɓawonsa bai ɓaɓɓare ba. Busasshen itacen girki ko wanda ya daɗe a ƙasa ba shi da amfani, domin wasu funfunan sun riga sun kama wuri. Ɓawo kuwa shi ne rigar gungumen: yana riƙe danshi, yana tare baƙi. An fi son gungume mai kaurin santimita 10 zuwa 15 da tsawon mita ɗaya, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Ana shuka shi cikin 'yan makonni bayan sarewa.

Da injin huda na kafintoci ake yin ramuka masu zurfin kimanin santimita 3, a bar tazarar santimita 15 tsakanin rami da rami, da kamar santimita 5 zuwa 7 tsakanin layi da layi, ana goce ramukan kowane layi daga na kusa da shi. Gungume ɗaya yakan ci rami 30 zuwa 40. Iri yana zuwa ne ko dai a guntayen katako da ake bugawa da guduma, ko a garin katako da ake cusawa. Da an cika rami sai a shafe bakinsa da narkakken kakin zuma don kada iri ya bushe ko ƙwari su cinye. Wanda ba shi da injin huda yana iya yanka gungume mai kauri fai-fai, ya shimfiɗa irin garin katako tsakanin kowane fai da na samansa, ya ɗora su kamar jeren tukwane, ya lulluɓe. Wannan hanya ta fi dacewa da nau'in da masu sayarwa ke kira oyista, mai fari ko ruwan toka, mai siffar mafici.

Sai jira. Ana jera gumaguman a cikakkiyar inuwa, inda iska ke ratsawa amma ba ta kaɗawa da ƙarfi. Shitake yakan ɗauki wata 6 zuwa 18 kafin ya mamaye itace, oyista kuwa takan fi shi sauri. Alamar nasara ita ce farin tabo da ke bayyana a yankakkun bakunan gungumen. Idan ya nuna, masu noman shitake sukan tsoma shi cikin ruwan sanyi na awa 12 zuwa 24, su fitar su jingine. Cikin mako guda zuwa kwana goma laima ta isa cira. Bayan girbi ana barin gungumen ya huta mako 6 zuwa 8 kafin a sake tsoma shi. A ƙasashe masu sanyi gungume ɗaya yakan yi shekara uku zuwa biyar yana bayarwa, har ya zama ɓurɓushi.

Inda Abuja ta bambanta

A nan ne lissafin ke sauyawa. Zaren shitake ya fi jin daɗin zafin da bai wuce digiri 25 a ma'aunin Selsiyos da yawa ba, kuma yawancin nau'o'insa ba sa fitar da laima sai zafi ya sauka zuwa tsakanin digiri 10 da 20. A Abuja, zafin rana a watan Maris yakan haura digiri 35. Wurare irin su Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, da tsaunin Mambila a Taraba da ya fi ta tsayi, su ne ke kusa da yanayin da shitake ya saba. Mazaunin Gwagwalada da ya kashe kuɗi ya yi odar irin shitake daga waje yana caca ne da yanayin da ba ya bayansa.

Da ɗan gari akan ci gari. Dazuzzukan Najeriya suna da nasu nau'o'in da ke cin itace kuma suke jure zafi. Akwai wadda masana ke kira Lentinus squarrosulus, fara mai ɗan tauri da ke fitowa tuli a jikin matattun kututture da damina. Akwai Pleurotus tuber-regium, wadda ke yin wani dunƙule mai kama da doya a cikin ruɓaɓɓen itace, wanda a ƙasar Igbo ake niƙawa tare da agushi. Akwai mai siffar kunne, mai taushi kamar guringuntsi, da kuma nau'o'in oyista na ƙasashe masu zafi. Amma wadda ke fitowa a kan suri, wadda masu tsinta suka fi yabo, ba ta nomuwa a gungume, domin rayuwarta a ɗaure take da gara.

Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Legas, da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ta Binciken Kayan Lambu da ke Ibadan, sun daɗe suna aiki a kan noman laimar kwaɗi. Irin waɗannan cibiyoyi da jami'o'i su ne wurin fara neman iri mai tsabta da shawara. Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi ita ce sunan nau'in da kuma zafin da yake fitar da laima a cikinsa.

Abokin gaba na biyu shi ne hunturu. Ɗanyen gungume yana buƙatar ya riƙe ruwan da ya kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Idan ya bushe ƙwarai, zaren cikinsa ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa. Iskar Disamba da Janairu da ke fasa leɓe haka take fasa ɓawo. Saboda haka ya fi dacewa a shuka a farkon damina, wajen Afrilu ko Mayu, don zaren ya samu watanni shida na danshi kafin rani. Da rani kuma sai lulluɓi da buhun algarara da jiƙawa sosai lokaci-lokaci. Jiƙon kirki sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafin kullum, domin ɓawon da ba ya shan iska yana jawo koriyar funfuna mai kashe iri. Manomi yakan gane halin gungumensa ta hanyar ɗaga shi: wanda ya yi sakayau ya fara mutuwa.

Na uku ita ce gara. Gungumen da ya taɓa ƙasa ya zama abincinta. Dole a ɗora shi a kan bulo ko ƙarfe, a riƙa dubawa ana karya hanyoyin ƙasar da take ginawa. Abin da ba a yi shi ne fesa maganin ƙwari, kuma dalilin yana da nauyi.

Abin da itace ya sha, shi za a ci

A watan Maris na 2011, girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Kafin nan, dazuzzukan jihar Fukushima suna cikin manyan masu samar wa manoman shitake gumagumai a faɗin ƙasar. Gurɓataccen sinadarin siziyom ya sauka a kan itatuwa, laimar kwaɗi ta zuƙe shi, hukumomi suka hana sayar da amfanin garuruwa da dama, kasuwar gumaguman yankin ta durƙushe tsawon shekaru. Darasin bai tsaya ga nukiliya ba. Laimar kwaɗi tana tara abin da ta tarar a cikin abincinta, har da ƙarafa masu guba. Katakon gini da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, itacen da aka yi wa fenti, da wanda ya girma a bakin juji ko magudanar masana'anta, duk ba su cancanci a shuka abinci a cikinsu ba.

Zaɓen itace shi ma yana da ƙa'ida. Itatuwan da ake yabo saboda ba sa ruɓewa, irin su ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita, su ne mafi wuyar ci ga zaren laimar kwaɗi. Masu ƙaro mai ƙamshi irin dangin fir na ƙasashen sanyi ma ana guje musu. Itace mai matsakaicin tauri, kamar rassan mangwaro da aka rage, ya fi dacewa da gwajin farko. A Brazil manoma suna noman shitake a gungumen itacen turare, wanda shi ma yana da yawa a arewacin Najeriya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Gungumen da aka ajiye a waje yana iya fitar da wata laimar da ba ita aka shuka ba, kuma cikin masu fitowa a jikin itace akwai masu ɗauke da dafin da ke lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe irin wannan dafi, kuma alamunsa ba sa bayyana sai bayan awa shida ko fiye, lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Gwaje-gwajen gargajiya, kamar a ce wadda ƙwari suka ci ba ta da illa, ba abin dogaro ba ne. Duk abin da ya fito wanda bai yi daidai da nau'in da aka shuka ba, a nuna wa masani ko a zubar. Ko shitake na gaskiya ma sai an dafa shi sosai, domin ɗanyensa yana jawo wa wasu mutane ƙuraje masu kama da shatar bulala.

Lissafin riba

A ƙasashen da suka ƙware, gungumen shitake mai tsawon mita ɗaya yakan ba da kimanin giram 100 zuwa 250 a kowane zubi. Wato mai gungume 20 zai iya samun kilo uku ko huɗu a zubi ɗaya, ko wajen kilo goma a shekara idan ya yi zubi uku. Wannan ya isa ya ƙara wa miyar gida armashi, a kuma ba maƙwabta, amma bai kai jari ba. Otal-otal da manyan kantunan Wuse da Maitama suna son mai kawo kaya kowane mako ba fashi, kuma hakan yana buƙatar rukuni bakwai ko takwas na gumagumai da ake tsomawa bi da bi.

Shi ya sa masu noman kasuwa suka koma garin katako da ake ɗurawa a leda, inda oyista ke fitowa cikin mako huɗu zuwa shida. Ko a Japan, mafi yawan ɗanyen shitake da ake sayarwa yanzu daga garin katako yake fitowa. Gungume ya riƙe martabarsa ne a kasuwar busasshe, inda ake biyan ƙanshi da kauri. Fifikon gungume ga mai aikin ofis shi ne ba ya buƙatar ɗaki na musamman, ko turara garin katako, ko wutar lantarki, kuma yana jure a bar shi daga Litinin zuwa Juma'a.

Ta fuskar gina jiki ma akwai buƙatar gaskiya. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyar laimar kwaɗi ruwa ne, kuma furotin da ke cikin giram 100 bai wuce giram biyu zuwa uku ba, alhali naman shanu yana da wajen 20. Ba ta maye gurbin nama ko wake. Amfaninta yana cikin sinadaran bitamin B, da harza mai taimakon hanji, da ƙarancin kitse, da ɗanɗanon da ke sa a rage nama a tukunya ba a ji an rasa ba. Idan aka shanya ta a rana tana ƙara bitamin D, kuma busasshiya tana ajiyuwa watanni ba tare da firiji ba. Kimanin kilo goma na ɗanya ne ke ba da kilo ɗaya na busasshiya.

Dajin da ke dawowa

Abin da ya sa duniya ta karrama Kunisaki bai tsaya ga laimar ba. Kututturen kunugi da aka sare yana sake tofo, kuma cikin kimanin shekara 15 ya isa a sake sara. Ganyen da ke zuba da tsofaffin gumagumai suna komawa ƙasa su riƙe ruwan sama, ruwan ya gangara cikin tafkuna kusan 1,200 da manoman yankin ke ban ruwan shinkafa da su. A Najeriya, inda gawayi da itacen girki suka riga suka cinye dazuzzukan da ke kewaye da birane, noman da zai sa a kayar da kaɗanya ko ɗorawa don gungume ya zama ɓarna. Rassan da aka rage daga itatuwan gida, da waɗanda guguwar farkon damina ta karya suna ɗanye, sun ishi mai farawa.

Ma'aikacin tarayya yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma da yawa sukan zuba kuɗin sallama a sana'ar da ba su taɓa gwadawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da sauran shekaru a gabansa yana iya farawa da gungume goma na itace iri biyu ko uku, da iri daga majiya tabbatacciya, da ɗan littafin da zai riƙa rubuta ranar sara, ranar shuka, ranakun jiƙo da nauyin abin da ya cira. Idan damina biyu suka wuce, littafin zai nuna masa wane itace ne ya karɓi iri a unguwarsa, guda nawa hunturu ya kashe, da kuma ko ya dace ya ƙara wasu hamsin ko ya tsaya a abin miya.